Lord Shaftesbury, Basarake Mai Jin Kukan Talakawa

A cikin manyan mutanen Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya akwai waɗanda suka yi suna wajen yaƙi, akwai kuma waɗanda suka yi suna wajen mulki ko tara dukiya. Lord Shaftesbury kuwa bai taɓa jan runduna ba, bai taɓa zama Firayim Minista ba, ya kuma yi yawancin kwanakinsa da bashi a wuyansa. Aikinsa shi ne zaman majalisar dokoki har kusan shekara 60, daga ciki 34 a Majalisar Iyayen Ƙasa, yana neman a kafa dokokin da za su tsare yara da marasa galihu. Ya kamata mu da muke shirin zama malamai mu san labarinsa, gama yawancin waɗanda ya yi wahala dominsu yara ne, tsaran waɗanda za a danƙa a hannunmu.

Ƙuruciyarsa

An haife shi a birnin Landan ran 28 ga watan Afrilu 1801, aka raɗa masa suna Anthony Ashley Cooper. Ubansa shi ne na shida da ya riƙe sarautar Shaftesbury, uwarsa kuwa 'yar babban gidan Marlborough ce. Gida ne na wadata, amma babu sakin fuska a cikinsa. Uban mutum ne mai tsanani, uwar kuwa hankalinta yana wajen bukukuwan manya. Wadda ta riƙe yaron da ƙauna wata baranyar gidan ce, sunanta Maria Millis. Ita ta riƙa ba shi labarun Littafi Mai Tsarki, ita ta koya masa addu'a. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi makarantar kwana, inda ya sha wuya ƙwarai. Matar nan ta rasu tun yana yaro, ta bar masa agogonta na zinariya, shi ne kuwa ya riƙa ɗauka har ƙarshen ransa.

Daga nan aka kai shi babbar makarantar Harrow. Wata rana yana tafe kusa da makarantar sai ya ga waɗansu mutane a buge da giya, suna ɗauke da akwatin gawar wani matalauci za su kai kabari. Suna waƙa suna tangaɗi, har akwatin ya suɓuce musu ya faɗi ƙasa, babu kuwa ɗan'uwa ko ɗaya da ke biye. Abin nan ya tsaya masa a rai, tun daga ranar ya ƙudura zai ba da kwanakinsa ga waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ya ƙare karatunsa a jami'ar Oxford cikin 1822, ya fita da daraja ta ɗaya.

A Majalisar Wakilai

A Ingila ta wancan zamani ɗan basarake yana iya tsayawa zaɓe muddin ubansa yana da rai. Saboda haka cikin 1826, yana da shekara 25, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai, ana kiransa Lord Ashley. A lokacin masaƙun Ingila cike suke da ƙananan yara masu aiki tun asuba har dare. Cikin 1833 ya ɗauki shirin dokar da za ta tsai da aikin yara a kan sa'a 10 a yini. Bai sami yadda ya so ba, amma dokar da gwamnati ta kafa a shekarar ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a yawancin masaƙu, aka kuma naɗa mutum 4 masu zagawa suna dubawa. Dokar sa'a 10 ba ta tabbata ba sai 1847, watau bayan shekara 14 ana ja.

Cikin 1840 ya sa aka kafa hukumar bincike a kan aikin yara. Da rahotonta ya fito cikin 1842, mutanen Ingila suka kama baki, gama an iske yara 'yan shekara 5 da 6 suna yini cikin duhun ramukan haƙar kwal suna tsaron ƙofofin iska, 'yan mata kuma suna rarrafe suna jan kekunan kwal da sarƙa ɗaure a ƙugu. Ya kawo shirin doka, ya so a hana yara shiga rami sai sun kai shekara 13, amma masu ramuka suka matsa har aka sauko zuwa 10. Da shirin ya isa Majalisar Iyayen Ƙasa, da ƙyar aka sami basaraken da ya yarda ya gabatar da shi. Lord Londonderry, wanda shi kansa mai ramukan kwal ne, ya tashi ya yaƙe shi, aka ƙara rage masa ƙarfi kafin ya wuce. Duk da haka dokar ta hana mata da 'yan mata aikin ƙarƙashin ƙasa sam. A nan ne Ashley ya fara sanin halin majalisar da zai shiga wata rana.

Majalisar da ya gada

Ubansa ya rasu cikin watan Yuni 1851, sarauta ta faɗo kansa, ya zama Shaftesbury na bakwai. Bisa ga doka tilas ya bar Majalisar Wakilai ya koma ta Iyayen Ƙasa. Wanda ya san labarin Majalisar Sarakuna da aka yi a Kaduna kafin 1966 zai gane kamannin abin. A zamaninsa ba a zaɓen kowa a wannan majalisa ta hannun talakawa. Yawancin kujerunta na gado ne, sauran kuwa na bishop-bishop na Ikkilisiyar Ingila. 'Yan majalisar sun fi 400, ba a biyansu albashi, ba kuwa mai tilasta musu zuwa, har ma in mutum 3 kaɗai suka hallara ana iya zama. Sukan taru da misalin ƙarfe 5 na yamma, sau da yawa kuma su watse kafin lokacin cin abincin dare. Zaman shekara yakan fara cikin Fabrairu ya ƙare wajen Agusta, sa'an nan kowa ya koma gandunsa ko ya tafi farauta.

Amma kada a ce majalisar ba ta da iko. A zamaninsa kowane shirin doka sai an karanta shi sau 3 a kowace majalisa, an kuma bi shi layi layi a kwamiti, kafin a kai wa Sarauniya ta amince. A lokacin nan Iyayen Ƙasa suna da ikon kashe shirin da Wakilai suka yarda da shi. Sai cikin 1911 aka rage musu wannan iko, cikin 1999 kuma aka fitar da yawancin masu kujerun gado.

Shaftesbury bai yi murnar komawa can ba. A Majalisar Wakilai ya saba da hayaniya da gardama mai zafi, a nan kuwa ya tarar da dattawa zaune shiru, mutum ya yi magana har ya gama ba wanda ya motsa. Da ya ga dama, da ya riƙa leƙowa sau biyu ko uku a shekara kamar waɗansu, ba mai tuhumarsa, tun da ba wanda ya zaɓe shi balle ya tsige shi. Shi kuwa ya ɗauki kujerar a kan amana ce daga Allah, wadda za a tambaye shi lissafinta.

Aikinsa na fari a can abin mamaki ne. Kafin rasuwar ubansa ya riga ya kai wa Majalisar Wakilai shirin doka a kan gidajen kwana na haya, inda matalautan Landan ke biyan 'yan kwabbai su kwana a cushe, maza da mata da yara, cikin ƙazanta da cuta. Da shirin ya haura zuwa Majalisar Iyayen Ƙasa sai ga shi shi ma ya hauro, ya sake gabatar da abinsa da bakinsa. Dokar ta tabbata cikin 1851, ta wajabta a rubuta kowane irin gidan nan a littafin hukuma, a ƙayyade yawan masu kwana, a riƙa zuwa ana dubawa.

Yadda yake yin yininsa

Sa'o'in da yake yi a zauren majalisa su ne mafi ƙanƙanta a cikin aikinsa. Yakan fara yini da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Daga nan sai wasiƙu, waɗanda ke zuwa masa tuli daga ma'aikatan masaƙu da malaman makarantu da gwauraye da masu neman taimako, ga kuma masu sallama a ƙofar gidansa na Grosvenor Square. Da rana yakan tafi ofishin wata hukuma ko ya shugabanci taron wata jam'iyyar taimako. Da yamma ya nufi majalisa. Da dare kuma sau da yawa akan gan shi a unguwannin matalauta tare da masu wa'azin birni, ana haska masa fitila yana duba inda mutane ke kwana. Ran Lahadi yakan keɓe ta domin sujada. Duk da wannan bai fasa rubuta abin da ya same shi a littafinsa na yau da kullum ba, daga nan ne aka san yawan damuwarsa da rashin lafiyar ciki da ta daɗe tana wahalshe shi.

Hanyar aikinsa ɗaya ce kullum, wadda Hausawa suka taƙaita da cewa gani ya kori ji. Ba ya tashi a majalisa ya yi magana a kan abin da bai je ya gani ba. Ya shiga masaƙu, ya sauka ramin kwal da kansa, ya zauna da ɓarayin Landan wajen 400 cikin 1848 da suka gayyace shi su ji yadda za su bar sata. In ya tara shaida sai ya nemi a kafa hukumar bincike, in rahoto ya fito ya kawo shirin doka, in an kayar da shi ya jira shekara ta kewayo ya sake kawowa.

Haka ya yi cikin 1861, ya roƙi Iyayen Ƙasa a sake bincike a kan yaran da dokokin farko ba su shafa ba. Binciken ya haifi dokokin 1864 da 1867, waɗanda suka kai tsaron doka ga yaran ma'aikatun tangaran da na ashana da ƙananan wuraren sana'a. Cikin 1871 ya tsaya wa yaran da ke ɗaukar yumɓu a wuraren yin tubali. Cikin 1879 ya yi magana a kan ma'aikatan masaƙun Bombay a ƙasar Indiya. Cikin 1855 kuma ya yi ta fama da waɗansu bishop-bishop har aka sassauta wata tsohuwar doka da ta hana mutum fiye da 20 taruwa domin sujada a gidan da ba a rubuta ba.

Aikin da ya fi daɗewa a kansa shi ne na masu taɓin hankali. Tun 1827 bincike ya nuna cewa a wani gida a Landan akan ɗaure su da sarƙa a kan ciyawa tun Asabar har Litinin ba mai duba su. An sa shi cikin hukumar duba irin gidajen nan cikin 1828, bai kuwa rabu da aikin ba sai da mutuwa, shekara 57 ke nan, ba tare da albashi ba. Yakan faɗa gidajen ba sanarwa domin ya ga gaskiyar abin da ke ciki.

Sau biyu aka yi masa tayin shiga majalisar ministoci, cikin 1855 ta hannun Lord Palmerston, mijin surukarsa, da kuma cikin 1866 ta hannun Lord Derby. Duka biyu ya ƙi, domin ya ga in ya shiga gwamnati bakinsa zai ɗaure, ba zai iya matsa wa kowace jam'iyya yadda ya saba ba.

Yaran bututun hayaƙi

Babu abin da ya fi nuna haƙurinsa kamar maganar yaran nan. Saboda sanyin Ingila, a wancan zamani kowane gida yana da murhu a ɗaki, da dogon bututu na tubali da ke fitar da hayaƙi ta kan rufi. In kunkunniya ta taru a ciki sai a kira masu shara. Su kuwa sukan sayi ƙananan yara ko su karɓi marayu, su tura su cikin bututun, yaro ya riƙa hawa da gwiwa da gwiwar hannu yana kankarewa. Waɗansu sukan maƙale su mutu, waɗansu su ƙone, waɗansu kuma cuta ta kama su saboda kunkunniya. Alhali kuwa an riga an ƙago tsintsiya mai dogon sanda da ke yin aikin.

Cikin 1840 aka kafa doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba hawa bututu, amma a garuruwa da yawa ba a bi ta ba, gama masu gidaje sun fi son yaro, alƙalai kuma su ma masu gidaje ne. Bayan ya shiga Majalisar Iyayen Ƙasa ya kawo shiri sau da sau, ana kayarwa. Cikin 1864 ya sami wata doka, ita ma ta zama magana a takarda. Cikin Fabrairu 1875 wani yaro mai suna George Brewster, wanda bai wuce shekara 12 ba, ya mutu bayan an tura shi bututun wani asibiti kusa da Cambridge, aka ɗaure maigidansa wata 6 kacal. Shaftesbury, yana tsoho ɗan shekara 74, ya rubuta wa jaridu, ya sake tashi a majalisa. A wannan karo dokar ta ce kowane mai sharar bututu sai ya karɓi lasin daga 'yan sanda kowace shekara, 'yan sanda ne kuma za su tabbatar an bi ta. Nan take sana'ar tura yara ta mutu. Shekara 35 aka yi kafin a gane cewa dokar da ba a ɗora wa kowa alhakin tsaronta ba, ba ta hana kome.

Gida da nauyinsa

Tare da sarauta ya gaji gandun gidansu a Wimborne St Giles cikin lardin Dorset, da bashi mai yawa. Tun ubansa yana da rai abokan gabansa sukan yi masa gori a majalisa, cewa yana kukan yaran masaƙu alhali manoman gandun ubansa suna zaune cikin bukkoki marasa kyau. Da ya zagaya bayan ya gaji wurin sai ya tarar gorin gaskiya ne. Ya shiga gina musu sababbin gidaje kaɗan kaɗan, har ya sayar da waɗansu kayan gado domin ya sami kuɗi. Daga baya kuma wakilin da ya ba amanar gandun ya cuce shi, bashi ya ƙaru.

Ya auri Emily Cowper cikin 1830, suka haifi 'ya'ya 10. Da yawa daga cikinsu sun riga shi mutuwa. Ɗansa Francis ya rasu yana makarantar Harrow cikin 1849, cikin 1872 kuma ya rasa matarsa da 'yarsa Constance a tsakanin 'yan makonni. Bai ajiye aiki ba.

Ba kuwa za a ce ba shi da nasa gefen ba. Mutum ne mai saurin jin an ɓata masa. Cikin 1850 ya yarda da sulhun da ya mai da aikin masaƙu sa'a 10 da rabi, ma'aikata da yawa suka ce ya ci amanarsu. Bai goyi bayan a ba talakawa ƙuri'a da yawa ba, ya kuma ƙi jefa ƙuri'a a asirce da aka kafa cikin 1872. A ganinsa wajibin manya ne su kula da talakawa, amma bai yarda talakawa su riƙe ragamar da kansu ba. Zamani ya wuce wannan ra'ayi nasa.

Makarantun masu tsumma

A Landan akwai dubban yara da ba makarantar da za ta karɓe su saboda dauɗa da tsummokin jikinsu. Waɗansu masu tsoron Allah, yawancinsu ba a biyansu, suka riƙa tara su a rumbuna da tsofaffin ɗakuna suna koya musu karatu da rubutu da lissafi da Maganar Allah. Cikin 1844 aka haɗa makarantun nan cikin ƙungiya ɗaya, Shaftesbury ya zama shugabanta wajen shekara 40. Yakan ziyarci azuzuwa, ya raba kyauta, ya nema wa yara sana'a, waɗansu su zama masu goge takalma, waɗansu a koya musu aikin jirgin ruwa. An ƙiyasta yara wajen 300,000 suka bi ta makarantun nan a Landan tsakanin 1844 da 1881. Da gwamnati ta kafa dokar makarantun firamare cikin 1870 bai yi farin ciki sosai ba, domin yana tsoron koyarwar addini za ta ragu, yaran da suka fi kowa talauci kuma a sake mantawa da su.

Tun 1851 har rasuwarsa shi ne kuma shugaban Jam'iyyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila, wadda daga baya, cikin 1932, ta buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. An ba shi lambobin girma, amma kyautar da aka fi tunawa ita ce ta masu tallar kayan lambu a titunan Landan, waɗanda cikin 1875 suka kawo masa jaki, ya karɓa da murna ya kai shi gandunsa.

Rasuwarsa

Ya rasu a Folkestone, wani gari a bakin teku, ran 1 ga watan Oktoba 1885, yana da shekara 84. Ran 8 ga wata aka yi masa sujada a babbar majami'ar Westminster. Ana ruwa, amma tituna suka cika da masu talla da masu goge takalma da ma'aikata da yaran makarantun masu tsumma, suna tsaye hula a hannu. An so a binne shi a can tare da manyan ƙasa, amma bisa ga wasiyyarsa aka kai shi ƙauyensu aka binne shi kusa da matarsa. Akwai babban titi a Landan mai sunansa, da maɓuɓɓugar ruwa da aka gina a dandalin Piccadilly cikin 1893 domin tunawa da shi.

'Yan'uwa, ɗaruruwan sarakuna sun zauna majalisar nan tare da shi, kujerarsu ɗaya, ikonsu ɗaya, yau ba a tuna sunayen yawancinsu. Bambancin shi ne, shi ya riƙa zuwa ya gani da idonsa, in an kayar da shi ya dawo, in an kafa doka ya bi sawu ya ga ko ana aiki da ita. Mu ma in mun fita za a ba kowannenmu aji, sau da yawa a ƙauyen da mai duba makarantu ba ya zuwa sai jifa jifa, ya rage namu mu san abin da za mu yi da wannan amana. Mu kuma tuna cewa wadda ta fara tanƙwara iccen nan tun yana ɗanye baranya ce, wadda ba ta rayu ta ga ko ɗaya daga cikin dokokinsa ba.